Yadda Uwar Kowa Ta Mutu Ba Ta Nan

A duk layinsu babu mai kiranta da wani suna sai Uwar Kowa, kuma ba a banza sunan ya bi ta ba. Ta haura shekara talatin tana fitowa a fim, kuma tun daga na farko har zuwa na ƙarshe ba a taɓa ba ta wani matsayi ba sai na uwa. Tana budurwa, ko zancen aure ba a fara yi mata ba, wani darakta ya ƙare mata kallo ya ce tana da idon tausayi. Nan take ya sa aka zana mata layukan tsufa a goshi da jagira, aka ɗora mata tabarau marar gilashi, aka nuna mata wani ƙato mai gemu, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, aka ce ga ɗanta na fari. Daga ranar ta yi sallama da ƙuruciya. Sa'o'inta suna can suna rawa a cikin furanni ana fesa musu ruwan sama da tiyo, ita kuwa tana zaune a bakin gado tana yi wa 'ya'yan wasu nasiha.

Amma ba nasiha ce ta yi mata suna ba, mutuwa ce. Masu shirya fim sun daɗe da gano cewa uwa ba ta da sauran amfani idan labari ya kai tsakiya, sai dai ta mutu domin jarumi ya sami dalilin kuka da waƙa. Saboda haka ta mutu da hawan jini, ta mutu da ciwon zuciya, mota ta kaɗe ta, baƙin cikin ɗa ya kashe ta, akwai ma fim ɗin da farin ciki ne ya yi ajalinta. Kuma ba ta mutuwar gaggawa irin ta yaran yanzu, waɗanda za su runtse ido kawai su karkatar da wuya kamar kazar da ta sha rana. Ita tata mutuwar tana da tsari. Takan fara da tari, ta nemi ruwa, ta kurɓa kaɗan ta ture kofin, ta yi wasiyya, sannan ta ɗaga hannun dama kamar za ta shafa kan ɗanta, hannun ya tsaya a iska, ɗan yatsa ya yi rawa, ya sulale ya faɗo gefen gado. Wannan faɗuwar hannun ita ce hatiminta. Mata sukan tare ta a kasuwa su gaya mata cewa ko a rasuwar iyayensu ba su yi kukan da suka yi a tata ba, ita kuma ta yi godiya, ta ce Allah ya bar zumunci, ta ci gaba da taya tumatir.

Ya kamata a san yadda ake aikin a wurinsu. Ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa. Darakta yakan tara mutane ya ce wane zai shigo da fushi, wance za ta ba shi haƙuri, sai ya ture ta ya fita. Sauran magana kowa ya nemo ta a cikinsa. Kamfani kuma ba shi da komai sai kyamara da fitilu. Tufafi kowane ɗan wasa da nasa yake zuwa, gida kuwa na wanda tsautsayi ya sa ya ce bismillah ne. Uwar Kowa ta taɓa cewa bismillah sau ɗaya, ranar da aka rasa ɗakin da za a kwantar da ita, tun daga nan falonta da ɗakin kwananta suka zama na jama'a.

Mijinta mai gyaran agogo ne, ya yi aikin har wayar hannu ta zo ta raba mutane da agogo, ta raba shi da shago. Mutum ne siriri, marar hayaniya, mai dogayen yatsu, wanda sabon sana'a ya sa har yanzu yake ɗaura agogo a hannuwansa biyu, ɗaya yana sa wa ɗaya ido. A shagon nan suka haɗu, ranar da aka aike ta gyaran wani agogo da za ta bar wa ɗanta a wasiyya. Ya ɗago kai ya dube ta ba tare da jagira ba, ya ce ashe yarinya ce. Shi ne mutum na farko da ya lura da haka, kuma hakan ya wadatar. Danginsa sun yi ta ja masa kunne cewa 'yar fim ba ta zama a gida. Sai ga shi ta zauna daram, fim ɗin ne ya biyo ta gidan.

'Ya'yan da ta haifa da cikinta sun tashi suna tafiya da sanɗa a gidan ubansu. Babbar, tana ƙarama, ta taɓa leƙowa ta ga hannun uwarta ya faɗo, ta ƙwalla ihun da ya ɓata aikin yini guda, aka yi mata faɗa sosai. Daga baya ta saba, har takan zo ta tsaya a kan gawar ta tambayi inda aka ajiye sukari. Ita ce da ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, wai tana sha'awar ta ga marar lafiyar da yake warkewa.

Malam, kamar yadda matarsa take kiransa, ba abin da yake nema a duniya illa a bar shi da shayinsa da rediyonsa a kujerar da ke kusa da taga. Wurin nan ne kuwa masu fitilu suka gano ya fi ko'ina dacewa da kafa fitila. Don haka duk ranar ɗauka akan tattara shi a kai kicin, a kashe masa rediyo, a roƙe shi ya riƙe tari har sai an ce an yanke. Hotonsa da ke bangon falo akan sauke, a rataye na wani ɗan wasa mai faffaɗan gashin baki, wanda shi ne marigayin mijinta a labari. Da farko ana mayar da nasa idan an tashi. Daga baya aka ce yawan saukewa da ratayewa yana sa hoton ya canza wuri, masu kallo kuma suna lura, gara a bar shi haka. Hoton Malam ya koma saman firji yana fuskantar tukwane. Baƙin da ba su san gidan ba sukan dubi bango su yi wa marigayi addu'a, Malam yana zaune a gefe yana amsawa da amin.

Da shekaru suka tura, kiran waya ya ragu. Iyayen fim na yanzu 'yan mata ne da ake ɗaura wa ƙaton ɗankwali, kamar dai yadda aka yi mata a da, ko da yake ita ba ta ga kamar ba. Aiki ɗaya ya rage mata, wani fim mai dogon zango da ake nunawa a talabijin duk mako, inda take uwar wasu 'yan'uwa biyu da ba sa shiri. A wannan fim ne, karo na farko a rayuwarta, aka bar ta da rai. Shekara ta zagayo tana raye, wata ta sake zagayowa tana raye, har ta saki jiki ta fara ɗinka sababbin kaya dominsa. Shi ne dalilin da ya sa take tashi da safe ta yi guga, shi ne ya sa har yanzu ake nuna ta da yatsa a hanya, kuma ta sani sarai cewa ranar da ya ƙare mata babu wani a bayansa.

Labarin ya iso ta bakin mai kwalliya, wata mace mai yawan fara'a wadda ba ta iya riƙe magana ko da na tsawon shafa hoda ne. Tana cikin gyara mata gira ta ce wai Darakta ya ce gobe kada Mama ta wahalar da kanta da guga, farin zanin gado kawai za ta fito da shi. Ta faɗi haka ne da murnar wanda ya kawo albishir. Wanda ya mutu sau da yawa ba ya bukatar a fassara masa farin zanin gado.

Darakta matashi ne, an haife shi bayan ta riga ta rasu a fina-finai da dama. Yana da ladabi irin wanda ake yi wa tsohuwar kujera kafin a fitar da ita waje. Da ta tambaye shi sai ya durƙusa har ƙasa ya yi dogon bayani: labari ya tsaya cik, 'yan'uwan nan ba za su yi faɗan kirki ba muddin uwarsu tana tsakani, masu kallo kuma sun gaji da sulhu.

"Mama, ai karramawa ce," in ji shi. "Wa muke da shi da zai yi mana mutuwa irin taki?"

"Babu," ta ce. "Allah ya kai mu goben, ɗana."

Washegari aka kai Malam kicin, aka kafa fitilu, ta kwanta a gadonta na kanta, ɗanta na fim ya durƙusa a gefe an shafa masa man zafi a ƙasan ido. Darakta ya gaya mata abin da ta riga shi sani: tari, ruwa, wasiyya, hannu. Ta yi tari mai kyau, wanda har mai kyamara sai da ya tausaya. Ta nemi ruwa, ta kurɓa. Sannan ta shanye kofin tas, ta yi gyatsa, ta tashi zaune ta ce alhamdu lillahi, ashe ƙishirwa ce take damunta.

A ɗauka ta biyu ta kai har wasiyya, sai dai wasiyyar ta ƙi ƙarewa. Ta yi wa ɗan nasiha a kan ƙaninsa, ta koma kan matarsa, ta gangaro kan maƙwabta, ta shiga bayanin yadda ake adana barguna don kada su yi wari. Hawayen ɗan suka bushe, aka ƙara masa man zafi, suka sake bushewa. A ta uku ta jawo shi kusa ta ce akwai wani sirri game da haihuwarsa wanda ba za ta iya faɗa ba sai mako mai zuwa. Duk wannan kuwa hannunta na dama yana damƙe da ƙarfen gado, idanunta a buɗe tar, ko doguwar ƙiftawa ba ta yi, domin ta san mai tace fim ba ya bukatar fiye da haka kafin ya binne mutum.

"Mama, a nan ne fa ake mutuwa," in ji Darakta cikin raɗa.

"Na sani, ɗana. Kwana ne bai ƙare ba."

Ba shi da takardar da zai nuna mata ya ce ga inda ta kauce, tunda shi da kansa yakan yi alfahari cewa 'yan wasansa daga zuci suke magana. Komawa wani ɗaki kuma ba zai yiwu ba, domin masu kallo sun san gadon, sun san labulen, sun san agogon bangon fiye da yadda suka san na ɗakin iyayensu. Ɗaga mata murya a gidanta kuwa ko a mafarki. Haka aka tashi. Aka dawo washegari, aka sake dawowa, majinyaciya sai ƙara samun sauƙi take yi. Har ta fara ba da shawarar a shigo da likita cikin labarin, ta ma san wanda zai dace.

Wanda ya fi kowa jin jiki a wannan jinya Malam ne. A da akan gama ɗauka kafin rana ta take, yanzu sai ta kai yamma. Shayinsa yakan huce a gabansa, domin ko motsa cokali an hana shi. Wata rana bayan an watse ya fito yana dafe da ƙugu, ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallonta tana ninke farin zanin da har yau ba a yi amfani da shi ba.

"Baiwar Allah, ki mutu mana kowa ya huta," ya ce a hankali.

Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. Ta tuna masa cewa shi ba abin da ya sani a harkar fim sai ƙofar kicin. Ta ce ta mutu wa daraktocin da ba su kai yaron nan ba, amma a lokacin akwai wani fim a gaba da za ta farka a cikinsa. Wannan karon in ta saki hannun nan, a ina za ta farka? A falo, tana kallonsa yana kallon rediyo? Malam ya ce falon ba shi da laifi, da ana barin mutum ya zauna a ciki. Ta ce ba ta da lokacin wasa.

Ana haka sai Darakta ya sauko. Ya zo da kansa ya durƙusa, ya ce ya yi tunani ya gane kurensa, Mama ta ɗan huta kafin ya gyara labarin yadda zai dace da lafiyarta. Ta karɓi tubansa da girma irin na uwa, har da sa albarka. A hanyarsa ta fita ya tsaya ya gaida Malam a kicin. Gaisuwar ta ɗan yi tsawo, abin da ta ɗauka alama ce ta yaro ya fara hankali.

A makon ne babbar 'yarsu ta zo ta ɗauke ta zuwa asibiti a duba mata gwiwa, maganar da aka daɗe ana ɗagawa saboda aiki. Malam ne ya tuna musu, shi ne ma ya rako su har bakin mota yana cewa kada su yi gaggawa, su bi layi kamar kowa, a duba komai da komai. Da suka dawo da yamma ta tarar da falo a share, ɗaki yana ɗan ƙaurin zafin fitila, farin zanin gado a shanye a igiya. Ta tambaya, Malam ya ce shayi ne ya zuba a kai. Awarwaronta kuma ta same shi a gaban madubi maimakon cikin akwati, ta ɗora laifin a kan mantuwa irin ta shekaru, ko da yake ba ta faɗa wa kowa ba.

Ranar da za a nuna shirin ta gayyato matan layi su zo su ga yadda ake tashi daga ciwo. Falo ya cika, wasu a kujera wasu a ƙasa, Malam a wurinsa na taga, yau babu fitila a wurin. Aka nuna ta tana tari, mata suka ce Allah sarki. Aka nuna ta tana neman ruwa, ta kurɓa. Ta gyara zama tana jiran inda za ta shanye kofin. Sai hoto ya koma kan agogon bango, aka bar shi yana bugawa, aka sako wani kiɗa mai sanyi wanda ta sani farin sani. Da kyamara ta dawo kan gado, bayan ɗan ne ya tare fuskar mai kwance, farin zani ya rufe sauran jiki. Daga ƙarƙashin zanin wani siririn hannu ya fito, da awarwaronta a wuyansa. Ya ɗago kamar zai shafa kan ɗan, ya tsaya a iska, ɗan yatsa ya yi rawa, ya sulale ya faɗo gefen gado. Ɗan ya ja zanin ya rufe kan.

Falo ya rushe da kuka. Wata maƙwabciya ta rungume ta tana cewa duk mutuwar da ta yi a baya gwaji ce, wannan ce ta gaske, hannun nan kaɗai ya isa a ba ta lambar yabo. Wata ta ce ashe har ramewa ta yi saboda fitowar, dubi yatsun, aikin fim ba wasa ba ne. Uwar Kowa ba ta ji su ba. Idonta yana kan wuyan hannun da ke reto a talabijin, inda a ƙasa da awarwaro kaɗan akwai wani zagaye na fata mai haske, irin wanda maɗaurin agogo yake bari a hannun mutumin da ba ya rabuwa da agogo.

Ta karɓi ta'aziyyar kanta da dauriya, ta raka baƙi har ƙofa, ta ce a gaida gida. Da ta dawo ta same shi yana nan yana hura shayi. Ta kashe talabijin ta tsaya a kansa. Tana da maganganu da yawa a shirye, irin waɗanda ta sha yi wa 'ya'ya marasa biyayya kafin ta dafe ƙirji: cin amana, haɗa baki da bare, rabin rayuwar da aka yi tare. Amma abin da ya fito daga bakinta daban ne.

"Wa ya koya maka rawar yatsan nan?"

"Ƙofar kicin tana da tsaga," in ji Malam. "Duk mutuwar da kika yi a gidan nan a kan idona kika yi ta. Kuma babu wadda na ji daɗinta ko guda."

Ya kurɓi shayi, ya ƙara da cewa da yaron nan ya zo masa da maganar sai ya ga, tunda dole sai an yi, gara wannan karon shi ya kwanta, ita ta je asibiti. Rabonsa da gadon da rana ma har ya manta, in ji shi, saura kaɗan barci ya ɗauke shi.

Ta san gobe babu guga, jibi ma haka, ta san wayarta ba za ta ƙara yin ƙara ba sai in 'yarta ce. Ga mamakinta kuma, ita da hawaye yake zuwa mata da zarar an ce a fara, yau ko ɗigo babu. Ta nemi wuri ta zauna. Can ta ce masa, don kada ya ɗauka ya iya, bayan an ja zanin nan cikinsa yana ta hawa da sauka kamar zugazugi, duk mai ido ya gani, gawa kuwa ba ta numfashi. Malam ya amsa laifinsa. Ya ce farkon shigarsa ne, kuma ba shi da niyyar ci gaba da sana'ar.

Ya tashi ya shiga kicin, wannan karon ba wanda ya kai shi, ya dawo da hotonsa yana goge masa maiƙo da hannun riga. Ya jawo kujera zuwa jikin bango, ya ɗora ƙafa ɗaya, kujerar ta yi girgiza. Uwar Kowa ta dubi marigayi mai gashin baki, wanda ya daɗe a bangon nan fiye da yadda wasu suke daɗewa a aure. Ta taso tana ɗingishi, ta riƙe masa kujerar da hannu biyu, ta ce ya hau a hankali, mutuwa ɗaya ta ishe su a mako. Da ya rataye ya sauko, ta ja da baya ta ƙare wa hoton kallo, ta ce ya karkace.